Waiwaye: Tafiyar shekara dubu ta kalmar "black" a Turanci

Shekara dubu da suka wuce, idan mutumin Ingila zai ce gawayi baƙi ne, kalmar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce "sweart". 'Yan uwanta suna nan da ransu har gobe: Jamusawa na cewa "schwarz", mutanen Holan "zwart", na Suwidin kuma "svart". A Turanci ne kaɗai ta tsufa ta shige lungu, ba ka jin ɗuriyarta sai a cikin "swarthy", wato mutum mai duhun fata. Wadda ta ture ta daga kujera ita ce "blæc", kakar "black" ta yau.

Masana asalin kalmomi suna danganta "blæc" da wani tsohon tushe mai ma'anar ci da wuta, tushen da ya ba Latin "flagrare", ya ba Girkanci "phlegein". Wuta kuwa haske take bayarwa lokacin da take ci, idan ta mutu ta bar gawayi, kuma Turanci ya gaji duka biyun. Kusa da "blæc" akwai wata kalmar, "blac" mai dogon wasali, wadda ke nufin abu mai sheƙi ko koɗaɗɗe, danginta ne "bleach", sinadarin da ke sa tufa ta yi fari. Da rubutu ya cakuɗe a tsakiyar zamani, sai aka riƙa rubuta su kusan iri ɗaya, har ta kai masu nazarin tsofaffin takardu kan tsaya suna tantama ko "blake" baƙi marubucin ke nufi ko fari. Sunan zuri'ar nan Blake ma ta kowane ɓangaren yana iya fitowa.

Akwai ma'ana ta uku da ta ɓace. A tsohon Turanci "blæc" tawada ce, kamar yadda "bläck" take a harshen Suwidin har yanzu. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da shi ma harafin da ya zana a allo baƙi yake kiransa.

Ta fuskar nahawu, kalmar rage kaya ta yi ta yi. A da sifar Turanci tana sauya ƙarshenta gwargwadon jinsi da adadi da matsayin suna a jimla. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, cikin 'yan ƙarnoni waɗannan ɗafa-ƙeya suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mu har yau muna cewa baƙin doki, baƙar riga, baƙaƙen shanu, amma Bature "black" ɗaya tilo yake sa wa dukansu. Kuma wurin zamanta ƙayyadadde ne: gaban suna, bayan sifar girma da ta shekaru, shi ya sa "a big old black car" ta zauna daidai, in ka juya jerin kuwa kunnen mai harshen ya ƙi karɓa. Wajen fifiko ana cewa "blacker" da "blackest". Inda muke cewa baƙi ƙirin ko baƙi wuluk, su sai su jingina da wani abu, su ce "pitch-black", baƙi irin na kwalta, ko "jet-black", daga wani baƙin dutse da ake haƙowa a garin Whitby na Ingila ana kayan ado da shi.

Kalmar tana zama suna, kamar a "dressed in black", tana kuma zama aikatau. "To black" shi ne shafa wa takalmi baƙin mai, "blacken" baƙanta abu ko sunan mutum, "black out" kuwa ya haɗa suma da ɗaukewar wuta da kashe fitilun gari, irin dokar da aka kafa a Birtaniya a Satumban 1939 don kada jiragen Jamus su hango birane da dare.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne harɗaɗɗun kalmomi. "Black bird" a rabe, kowane tsuntsu ne baƙi. "Blackbird" a haɗe, da ƙarfin murya a gaɓar farko, sunan wani nau'in tsuntsu ne takamaimai, wanda macensa ma ruwan ƙasa ce. Haka "blackboard" yana iya zama kore, kuma "black box" na jirgin sama ruwan lemo ake fentinsa don a gan shi cikin tarkace.

Ma'anonin aro kuwa sun taru ne a hankali, kowace da dalilinta. Annobar da ta share wani babban kaso na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, waɗanda suka gan ta da idonsu babbar annoba ko babbar mutuwa suke ce mata, sunan "Black Death" sai a ƙarni na 19 ya bazu a Turanci. "Blackmail" ba shi da haɗi da wasiƙa: "mail" ɗin nan tsohuwar kalmar Sikotland ce mai nufin haraji, kuma asalinsa kuɗin da manoman kan iyakar Sikotland da Ingila ke biyan mahara a ƙarni na 16 don a bar musu shanunsu. Daga baya ne ya koma karɓar kuɗi da barazanar tona asiri. "Blackball" daga ƙuri'ar kulob-kulob ya fito, inda ake jefa baƙin ƙwallo a akwati don a hana wani shiga.

Ba duka ne na sharri ba. Akawu yakan rubuta riba da baƙar tawada, asara da ja, don haka kamfanin da yake "in the black" lafiya lau yake. "Black belt" gwani ne a karate, "black tie" shigar manyan liyafa ce. "Black Friday" kuma ta yi ƙaura mai ban dariya: a 24 ga Satumban 1869 sunan ranar da kasuwar zinariya ta rushe a New York ne, sakamakon maƙarƙashiyar attajiran nan Jay Gould da James Fisk, a shekarun 1960 'yan sandan Philadelphia na kiran washegarin bikin godiya na Amurka (Thanksgiving) da shi saboda cunkoso, yau kuwa 'yan kasuwa daga Landan har Legas sun mai da shi ranar garaɓasa.

Inda kalmar ta sha gwagwarmaya ta gaske shi ne wajen kiran mutane. A Amurka, har tsakiyar ƙarni na 20, a ce da mutum "black" kusan zagi ne. Kalmomin mutunci a lokacin su ne "colored", wadda ta rage a sunan ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP da aka kafa a 1909, da "Negro", aro daga Sifaniyanci da Fotugis. Masanin nan baƙar fata W.E.B. Du Bois ya yi ta rubuta wa jaridu yana neman a fara "Negro" da babban baƙi, jaridar New York Times ta amince a 1930.

Sai guguwar shekarun 1960 ta taso. A Yunin 1966, a garin Greenwood na jihar Mississippi, ɗan fafutuka Stokely Carmichael ya ɗaga murya da "Black Power", matasa suka amsa. Shekara guda bayan nan Martin Luther King ya faɗa wa taron ƙungiyarsa a Atlanta cewa a ƙamusun Roget akwai kalmomi kusan 120 masu ma'anar baƙi, aƙalla 60 daga ciki na muni ne, alhali 134 na fari duk na yabo ne. Masu fafutuka ba su gudu daga kalmar ba, ɗaukarta suka yi suka rataya a wuya, cikin 'yan shekaru "Negro" ta zama tsohon yayi. Ɗan gwagwarmaya Steve Biko ya yi irin haka a Afirka ta Kudu, kuma bikin FESTAC da Najeriya ta karɓi baƙuncinsa a 1977, da hawan dabarsa a Kaduna, yana ɗauke da "Black" a cikakken sunansa. A 1988 Jesse Jackson ya jagoranci kiran a koma "African American", tun daga nan sunayen biyu suke tafiya tare.

Kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 ya dawo da tsohuwar muhawarar Du Bois. A watan Yuni kamfanin dillancin labarai na AP da New York Times suka fara rubuta "Black" da babban baƙi idan al'umma ake nufi, suka bar "white" da ƙarami. Washington Post kuwa ta rubuta duka biyun da babban baƙi. A ganina matsayin Washington Post ya fi sauƙin karewa a aji, amma AP na da nata dalilin: masu aƙidar fifita farar fata sun daɗe suna rubuta tasu da babban baƙi. Akwai kuma ƙa'idar da ba a cika koyarwa a makarantunmu ba, wato a yi amfani da kalmar a matsayin sifa. "Black people" ko "a Black doctor" ba laifi, amma "a black" ko "the blacks" kai tsaye yana sosa rai.

A 2020 ɗin dai hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta daina amfani da "blacklist" da "whitelist", wato jerin waɗanda aka hana da na waɗanda aka amince wa, ta koma "deny list" da "allow list". Babu shaidar cewa launin fata ne ya haifi kalmomin, sai dai sababbin sun fi fayyace aikin da jerin ke yi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Wa kalmar ta ƙunsa kuma, wannan ya danganta da ƙasa. A Birtaniyar shekarun 1970 da 1980, 'yan gwagwarmaya na sa 'yan asalin Indiya da Pakistan a cikinta. Dokar ƙarfafa tattalin arziƙin baƙar fata ta Afirka ta Kudu, ta 2003, ta haɗa 'yan Afirka da ruwa-biyu da Indiyawa, a 2008 kuma babbar kotun Pretoria ta ƙara da Sinawan da suka zama 'yan ƙasa tun zamanin wariyar launin fata.