Carki, Balbela da Kaska: Amsar Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Mene ne zaman tare tsakanin halittu?

Halittu biyu da jinsinsu ba ɗaya ba, suna rayuwa manne da juna na tsawon lokaci. Bajamushen masanin tsirrai Anton de Bary ne ya kafa wannan ma'anar a 1879. Shi ke nan.

Wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka?

Wani lokaci kawai. Ƙudan zuma da fure, e, kowa ya samu. Balbela kuwa tana bin saniya ne don ta cafke farar da kofato ya tayar daga ciyawa, saniyar ba ta ƙaru da komai ba, ba ta kuma ragu ba. Kaska ta sha jini, kauci ya tsotse bishiya, mai masauki ya rame. Duka nau'i ukun nan zaman tare ne. Ku daina ɗora wa dabbobi zumunci irin namu, kowa cikinsa yake wa aiki.

Na ga ƙulle-ƙulle a saiwar wake da gyaɗa. Cuta ce?

Kwantar da hankalinka, malam. Ɗakin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su sukari. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. Ƙullin kirki yana maƙale ne a gefe, da ka murza zai fita. In saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gudaji, wannan tsutsar ƙasa ce, ita ce abin damuwa.

Gaskiya ne akwai tsuntsun da ke yi wa kada sakace?

Labarin ya samo asali ne tun daga Herodotus, marubucin tarihi na Girka, fiye da shekara 2,400 da suka wuce, kuma har yau babu wata hujja ta kimiyya da ta tabbatar da shi. Shahararren hoton da ke yawo a intanet haɗin kwamfuta ne. Ku bar turo min shi.

Carki na damun shanuna. In kore shi ko in bar shi?

To, nan ne ba zan ba ka amsa guda ba, domin wanda ya yanke maka hukunci kai tsaye bai kalli tsuntsun da kyau ba. Carki yana cin kaska, wannan babu musu, kuma ya fi son wadda ta cika da jini ta yi ɓul-ɓul. Matsalar ke nan: jinin yake so. In ya samu gyambo a doron saniya, sai ya dinga komawa kansa yana caka, ɓawon ya ɓare, ciwon ya ƙi kamewa. A wani bincike da Paul Weeks ya wallafa a 2000, an hana carki mai jan baki sauka a kan wasu shanu a Zimbabuwe. Kaskarsu ba ta ƙaru ba, raunukansu kuma sun fi saurin warkewa. Amma kada ka ɗauki wannan ya zama ƙarshen zance, garke ne a wuri ɗaya, kuma an ga cewa carki ya fi sauka a kan dabbobin da kaska ta fi yi wa yawa. Yana da wani amfanin ma: binciken da aka fitar a 2020 a Afirka ta Kudu ya nuna baƙar karkanda mai carki a jiki tana gane mutum na tafe kowane lokaci saboda kukan tsuntsun, marar shi kuwa sau 23 kacal cikin ɗari.

Saboda haka abin ya danganta da halin da dabbarka take ciki. In fatarta lafiya lau, kaska kuma ta yi yawa, ni dai zan bar shi. In akwai rauni, ko miki daga karkiya, ko inda aka yi mata lalas, a wanke, a sa magani, a rufe, a ware ta har ta warke. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne guba. Magungunan wankan shanu masu ƙarfi sun taɓa ƙarar da carki a yankuna da dama na kudancin Afirka. Kuma kada ka ce tunda carki na nan ka huta da neman likitan dabbobi, tsuntsu ba ya maganin cutar da kaska ta riga ta sa a jini.

An ce akwai ƙwayoyin bakteriya a hanjina. In sha magani?

A'a! Kowa yana da su, suna taya ka narkar da abin da ka ci, wasu har bitamin K suke samar maka. Saniya ma ba don na tumbinta ba, da ciyawa ba ta amfane ta ba. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da izinin likita ba, su yake fara hallakawa.

Kauci fa, in cire shi daga bishiya?

Cire shi. Amma tsinke ganyen banza ne, tushensa na cikin itacen. Sare reshen daga ƙasa da inda ya kama.