Babi na Ɗaya: dokar Amurka da ke ƙoƙarin rage tazarar karatu tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka

Ranar 11 ga Afrilu, 1965, shugaban Amurka Lyndon Johnson ya koma ƙauyensu kusa da Stonewall a jihar Texas. Ya zauna a gaban 'yar makaranta mai ɗaki ɗaya inda ya fara karatu, malamarsa ta farko Kate Deadrich Loney tana gefensa, ya sa hannu a kan Dokar Ilimin Firamare da Sakandare. Ba da ka ya zaɓi wurin ba. Shi kansa malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. A 1928 ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla, yara masu shigowa aji ba su karya kumallo ba.

Babin farko na wannan doka, wanda Amurkawa ke kira Title I, har yau shi ne babbar hanyar da gwamnatin tarayya ke zuba kuɗi a makarantun firamare da sakandare. A 2023 kuɗin ya haura dala biliyan 18. Manufarsa a taƙaice: makarantar da 'ya'yan talakawa suka yi yawa a cikinta ta sami ƙarin kuɗi, ko yaran sa kamo takwarorinsu.

Wanda bai san yadda ake ɗaukar nauyin makarantu a Amurka ba zai yi mamakin a ce ƙasa mai wannan arziki tana buƙatar irin wannan doka. Sirrin yana cikin haraji. A shekarun da ba na annobar korona ba, abin da tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin makarantu ba. Sauran daga jihohi yake fitowa da kuma gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kusan 13,000, kuma yawancin kuɗin gunduma daga harajin gidaje da filayen da ke cikinta ake tara shi. Unguwa mai gidaje masu tsada, makarantarta ta ji daɗi. Unguwar da gidajenta ba su da daraja, ko an matsa wa mutanenta da haraji, abin da za a tara kaɗan ne.

Ga misali daga birnin San Antonio a ƙarshen shekarun 1960. Gundumar Edgewood, wadda kusan duk ɗalibanta 'yan asalin Meziko ne, ta ɗora wa mutanenta haraji mai nauyi fiye da na Alamo Heights, unguwar masu hali. Duk da haka dala 26 ta iya tara wa kowane ɗalibi, Alamo Heights kuwa dala 333. Bayan an haɗa da kuɗin jiha da na tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights da dala 594. Wani uba mai suna Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka kai ƙara. A 1973 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, don haka wannan bambanci bai saɓa masa ba. Thurgood Marshall, lauyan da ya yi nasara a shari'ar Brown ta 1954 wadda ta haramta ware makarantu bisa launin fata, lokacin yana alƙali a kotun, kuma yana cikin huɗun da suka ƙi amincewa. Tun daga ranar, duk mai neman adalci a rabon kuɗin makaranta sai dai ya nufi kotun jiharsa.

A nan ne launin fata ke shigowa, ta ƙofar gida. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin wuraren da ba da bashin gida ke da haɗari. Sai a 1968 doka ta haramta wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Iyalin da aka hana kakansu mallakar gida a unguwa mai daraja, ba abin da za su gada, kuma makarantar da ke kusa da su ita ce marar kuɗi. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta iyalin baƙar fata kuwa kimanin 44,900. Ita ma hanyar haɗa yara a makaranta ɗaya an taƙaita ta: a shari'ar Milliken ta 1974 kan birnin Detroit, kotu ta ce ba za a tilasta wa gundumomin bayan gari, inda fararen fata suka koma, su shiga shirin cakuɗa ɗalibai ba sai an tabbatar da su ma sun yi wariya.

Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna a 2011 cewa tazarar sakamakon jarrabawa tsakanin 'ya'yan manyan masu kuɗi da na talakawa ta ƙaru sosai, har ta kusa ninka tazarar da ke tsakanin baƙi da farare. Binciken da ya yi daga baya ya ƙara fito da abu ɗaya: inda giɓin launin fata ya fi faɗi shi ne inda aka cusa yaran baƙar fata da na 'yan asalin Latin Amurka a makarantun da talauci ya yi katutu. Ni a wurina wannan ita ce magana mafi nauyi a duk batun. Ƙwaƙwalwar yaron ba ta da laifi. Inda aka ajiye shi ne matsalar.

To me dokar ta tanada? Wajen rabon kuɗi ba ta duba launin fata ko kaɗan. Hukumar ƙidaya ce ke ƙiyasta yawan yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da ke gidajen talauci a kowace gunduma, a raba kuɗin bisa wannan. Ita kuma gunduma ta jera makarantunta, ta fara da waɗanda talakawa suka wuce kashi 75 cikin 100 na ɗalibansu. Makarantar da talakawanta suka kai kashi 40 tana iya kashe kuɗin a kan kowa da kowa. Wadda ba ta kai ba, sai ta ware shi ga yaran da ke baya a karatu.

Akwai sharaɗin da ya kamata kowa ya sani: kuɗin ƙari ne, haramun ne gunduma ta janye nata don ta ga na tarayya ya iso. An ƙarfafa wannan sharaɗi ne a 1970, bayan rahoton da wasu masu fafutukar kare haƙƙin jama'a, Ruby Martin da Phyllis McClure, suka fitar a 1969 ya tona yadda wasu gundumomi suka karkatar da kuɗin 'ya'yan talakawa zuwa hidimomin da ba su shafe su ba. Sai dai an bar wata ɓaraka da ke damuna. Doka ta ce dole gunduma ta nuna tana yi wa makarantunta hidima daidai wa daida kafin ta karɓi kuɗin, amma ta yarda a cire ƙarin albashin da malami ke samu saboda daɗewa a aiki daga cikin lissafi. Ƙwararrun malamai kan nemi canji zuwa makarantun masu hali, sababbin hannu su cika na talakawa, a takarda kuma a ga kamar komai daidai ne. Haka kuma tsarin rabon yana la'akari da abin da jiha ke kashewa a kan kowane ɗalibi, don haka yaron talaka a jiha mai arziki yakan jawo kuɗi fiye da ɗan'uwansa na jihar da ba ta da ƙarfi.

Launin fata ya shigo dokar ne ta fuskar ba da rahoto. A Janairun 2002 George W. Bush ya sa hannu a kan gyaran da aka yi wa laƙabi da "Kada a Bar Wani Yaro a Baya". Aka wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sau ɗaya a babbar sakandare, kuma dole a fitar da sakamako rukuni-rukuni: bisa launin fata da asali, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, masu buƙata ta musamman, da masu koyon Ingilishi. Amfanin wannan a fili yake. Makarantar da yawancin yaranta ke cin jarrabawa tana iya ɓoye 'yan tsirarun da ke faɗuwa a cikin jimla. Da aka rarraba, asirin ya tonu.

Inda gyaran ya yi tuntuɓe shi ne burin da ya ɗora, wai kafin 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa, da hukuncin da ke hawa kan makarantar da ta gaza. Wasu makarantu suka koma horar da yara kan jarrabawa kawai. A Atlanta abin ya kai ga gyara amsoshin ɗalibai, har kotu ta sami ma'aikatan ilimi 11 da laifi a 2015. A Disambar 2015 Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da ta maye gurbin wancan gyara, mai laƙabin "Kowane Ɗalibi Ya Yi Nasara" (ESSA a taƙaice), wadda ke aiki yanzu. Ta bar jarrabawa da rarraba sakamako, ta cire wancan buri, ta mayar wa jihohi ikon tsara gyara. Dole kowace jiha ta gano kashi 5 cikin 100 mafi rauni na makarantun Babi na Ɗaya, da sakandaren da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ɗalibanta ba sa kammalawa, da makarantun da wani rukuni ke ci gaba da zama a baya. Ta kuma wajabta a bayyana nawa ake kashewa a kan kowane ɗalibi, makaranta bayan makaranta, wanda ke sa a iya ganin waccan ɓaraka ta albashi da ido. Amma jiha ce ke yanke yawan yaran da za su cika rukuni, wasu 10, wasu har 30. Idan yaran baƙar fata 20 ne a makaranta kuma jihar ta ce sai 30, ba za a auna makarantar da su a matsayin rukuni ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a can, 'ya'yanku suna shiga rukunin baƙar fata a wannan lissafi, wasu kuma har da na masu koyon Ingilishi. Idan makarantar yaronku tana karɓar kuɗin Babi na Ɗaya, dole ta kira taron iyaye duk shekara ta yi bayanin shirin. Kuna da damar tambayar takardun shaidar malamin da ke koyar da shi, kuma doka ta ce a ba ku bayani cikin harshen da kuke ji gwargwadon iko. Fom ɗin abincin makaranta kyauta ko na rangwame da yaro ke kawowa farkon zango, kada a raina shi ko a ji kunyar cike shi, domin gundumomi da yawa da shi suke ƙirga talakawan kowace makaranta kafin su raba kuɗin.