Ɓarkewar cutar Ebola a Legas, 2014

Cutar Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli, 2014, aka kuma ci ƙarfinta cikin wata uku. Mutum 20 ne suka kamu a duk faɗin Nijeriya, takwas suka rasu. A lokacin tana ta kashe mutane a Gini da Laberiya da Saliyo, shi ya sa hankalin masana ya tashi, domin in ta samu gindin zama a gari mai cunkoso irin Legas, sai dai abin da Allah ya yi.

Wanda ya shigo da ita shi ne Patrick Sawyer, jami'in gwamnatin Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa taron ECOWAS a Kalaba. Ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed jikinsa a galabaice, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ba ta gamsu da haka ba. Ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata a kan ta bar shi ya tafi taron, ta kuma sanar da hukuma. Gwajin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, ya tabbatar da zarginta. Sawyer ya mutu ranar 25 ga Yuli. Ita ma likitar ta ɗauki cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Da ta buɗe masa ƙofa ya shiga jirgin Kalaba, da labarin ya sha bamban.

Ebola ba ta bin iska. Ana ɗaukarta ne ta hanyar taɓa jini, amai, zawo ko gumin wanda alamun cutar suka bayyana a jikinsa, kuma gawarsa ma tana yaɗa ta sosai, abin da ya sa wankan gawa ke da haɗari a lokacin annoba. Alamun kan fito tsakanin kwana 2 zuwa 21. A kan wannan lissafi aka gina aikin duka. An buɗe cibiyar agajin gaggawa ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, wanda ya zo da ƙwarewar yaƙi da shan inna. Ma'aikata suka zaƙulo mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna bin su gida-gida kullum da ma'aunin zafin jiki har kwana 21 su cika, ziyara kusan 18,500 gaba ɗaya. Duk wanda zazzaɓi ya kama, sai a wuce da shi wurin killacewa a Yaba. Mutum ɗaya ya zille zuwa Fatakwal, can ma cutar ta ɓulla, har likitan da ya duba shi ya rasu.

Sai kuma maganar gishiri. A farkon Agusta wani saƙo ya bazu ta waya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. Cikin dare aka riƙa tashin 'yan uwa daga barci, daga Legas zuwa Arewa da kuma akasin haka, ana cewa a yi maza kafin gari ya waye. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu kuma suka kwanta asibiti. Jita-jitar ta riga bayanin likitoci isa kunnen jama'a, sai daga baya Ministan Lafiya, Onyebuchi Chukwu, da kafofin yaɗa labarai suka ƙaryata ta. A bankuna da ofisoshi kuwa bokitin wanke hannu mai famfo ya zama ruwan dare, mutane suka rage musafaha, aka kuma ɗage komawa makarantu.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi kwana 42, wato ninki biyu na kwana 21, ba a samu sabon kamu ba. Da suka cika, ta bayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da Ebola ranar 20 ga Oktoba, 2014. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba shi ne kuma ya karɓi mutum na farko da aka samu da korona a Nijeriya, wani ɗan Italiya, a ƙarshen Fabrairun 2020.