Waiwaye: Yadda kamfanonin mota suka tsinci kansu a wannan matsin

A watan Disamba na 2024 kamfanin Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall cewa zai rage guraben aiki sama da 35,000 a Jamus kafin 2030. Wata biyu bayan haka, maganar haɗewar Honda da Nissan ta wargaje. A watan Afrilu na 2025 kuma Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan motocin da ake shigo da su. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan motar lantarki. Tana da hannu, amma ciwon ya girme ta da shekara ɗari.

Ƙera mota sana'a ce mai cin jari. Kafin a sayar da mota ɗaya tak, an riga an zuba maƙudan kuɗi wajen zane da gwaji da kafa injina, kuma kuɗin nan ba ya raguwa ko mota dubu aka ƙera ko miliyan. Saboda haka ribar tana cikin yawa. Masana'antar da ke aiki rabi-rabi kullum asara take tafkawa, ga albashi ga bashin banki. Duk wata dabara da manyan kamfanonin suka ƙirƙiro, a ganina, neman hanyar cika masana'anta ce.

Henry Ford ne ya fara gane wannan. A 1913 ya kafa layi mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, inda mota ke zuwa ta tarar da ma'aikaci a tsaye. Aikin da ke cin awa goma sha biyu ya dawo kusan awa ɗaya da rabi. Farashin motarsa Model T ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an fitar da miliyan 15. Sai dai Ford ya kafe a kan mota iri ɗaya. Alfred Sloan na General Motors ya jera motoci hawa-hawa, daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi zuwa Cadillac ta attajiri, yana sauya musu fasali duk shekara, yana kuma sayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan. Da wannan GM ta sha gaban Ford, ta riƙe kambun duniya na yawan sayar da motoci har shekara 77.

Wanda ya karɓe kambun a 2008 shi ne Toyota, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ba ta da jari, ba ta da babbar kasuwa, don haka Toyota ba ta da halin cika sito da kayan gyara kamar yadda ake yi a Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Wani injiniya, Taiichi Ohno, ya tsara cewa kada kaya su iso sai daidai lokacin da za a ɗaura su, kuma duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon tsayar da layi gaba ɗaya. Talauci ne ya haifi wannan tsari, amma da rikicin man fetur na 1973 ya ninka farashin ɗanyen mai kusan sau huɗu, Amurkawa suka koma neman ƙananan motoci marasa shan mai, suka kuma tarar na Japan ba sa yawan lalacewa.

Kamfanonin Detroit suka garzaya wajen gwamnati. A 1981 aka matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take kaiwa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina a duk tarihin nan: a 1982 Honda ta buɗe masana'antar mota a Marysville ta jihar Ohio, Nissan da Toyota suka bi sahu. An gina katanga, abokin gasa ya tsallako ya gina gida a cikinta.

Wata dabarar ita ce haɗewa don a raba nauyin jari. Daimler da Chrysler sun haɗe a 1998, aka rabu baran-baran a 2007. Ƙawancen Renault da Nissan na 1999 ya ceto Nissan, daga baya ya yi tsami bayan kama shugaban ƙawancen, Carlos Ghosn, a Tokyo a 2018. Fiat Chrysler da PSA, kamfanin Faransa mai ƙera Peugeot, sun zama Stellantis a 2021 da tambari 14 ƙarƙashin inuwa ɗaya. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, girma bai hana GM da Chrysler durƙushewa ba, sai da gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 80 a masana'antar a 2009 da kewayenta.

A wannan shekarar ta 2009 ce Sin ta zama kasuwar mota mafi girma a duniya. Volkswagen ta shiga can tun 1984 ta hanyar haɗin gwiwa a Shanghai, kuma ƙa'idar ƙasar a lokacin ita ce baƙo ba zai mallaki fiye da rabin kamfani ba. Turawa suka amince, domin riba tana shigowa kamar ruwan sama. Shekaru kusan talatin kamfanonin Jamus da Amurka da Japan suna cin karensu babu babbaka a Sin, suna rufe giɓin da ke gida da kuɗin can. Su kuwa masu masaukin suna koyon aiki. Da suka ga ba za su kamo Turai a injin fetur ba, sai gwamnati ta karkatar da tallafi zuwa batiri da motar lantarki.

Turai ta yi caca ne a kan dizal, kuma cacar ta tashi a watan Satumba na 2015, lokacin da aka gano Volkswagen ta sanya manhajar maguɗin gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Badaƙalar ta ci kamfanin fiye da yuro biliyan 30, ta kuma sa hukumomi suka tsaurara dokokin hayaƙi. Sai ga annobar korona da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa mota, wanda ya tsayar da layuka a ko'ina, ya nuna raunin tsarin rashin ajiye kaya. A lokacin, ƙarancin motoci ya sa farashi ya hau, kamfanoni suka ci riba mai tsoka, abin da ya rufe musu ido na ɗan lokaci.

Yau tsofaffin kamfanonin suna ciyar da gida biyu ne: injin fetur da ke kawo kuɗi amma kwanansa na raguwa, da motar lantarki da ke cin jari ba ta fara mayarwa yadda ake so ba. BYD ta ƙasar Sin ba ta da wannan nauyin, domin da batiri ta fara sana'a, kuma tun 2022 ta daina ƙera mota mai amfani da fetur zalla. A 2023 Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci waje. Masana'antunta ma sun yi yawa, ana karya farashi a gida ba ji ba gani, don haka dole su nemi kasuwa a ƙetare. Abin tausayi a nan su ne ma'aikata da ƙananan kamfanonin kayan gyara, waɗanda ba da su aka yi shawarar ba amma su ke fara shan wuya.

Martanin shi ne na 1981. A 2024 Amurka ta ɗaga haraji kan motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari, Tarayyar Turai ta ƙara nata har zuwa kashi 35.3 a kan kashi 10 da ke akwai. BYD kuwa ta zaɓi birnin Szeged na ƙasar Hungary don kafa masana'anta a cikin Tarayyar Turai. A Brazil ma ta karɓi filin masana'antar Camaçari a jihar Bahia, wadda Ford ta rufe a 2021, kuma a 2025 motoci suka sake fitowa daga wurin da tambarin BYD.