Noman Ƙatuwar Kabewa a Lambun Gida

Ƙatuwar kabewa ita ce wadda ake nomawa domin gasar nauyi da nuni, musamman a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai. Tana cikin jinsin da masana tsirrai ke kira Cucurbita maxima, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne. Danginsu ɗaya da kabewar da ake sakawa a miyar taushe, sai dai ita an daɗe ana tace irinta ta fuskar girma kawai, har ta kai guda ɗaya kan haura tan ɗaya. A waɗannan ƙasashe iyaye da yawa kan noma ta a bayan gida tare da 'ya'yansu, domin shuka ce da yaro ke ganin girmanta da idonsa daga yau zuwa gobe.

Tarihi

A shekarar 1904 wani manomin Kanada mai suna William Warnock ya kai kabewa mai nauyin laba 403, wato kimanin kilo 183, bajekolin duniya na birnin Sen Luwis a Amurka. Aka yi fiye da shekara saba'in ba a samu wadda ta fi ta ba. Wanda ya sauya al'amarin shi ne Howard Dill, manomi a garin Winsa na lardin Noba Skoshiya a Kanada. Shekara da shekaru ya yi yana zaɓen iri daga kabewa mafi girma yana sake shukawa, har ya fitar da irin da ake kira Atlantic Giant. A 1981 tasa ta kai kilo 224. Kusan duk ƙatuwar kabewar da ke cin gasa a yau daga zuriyar wannan iri take.

Daga nan nauyi ya yi ta hawa. An haura laba dubu a 1996 a jihar Niyok, sannan Ron Wallace na jihar Rod Ailan ya haura laba dubu biyu a 2012 da kabewa mai kilo 911. Kambin kabewa mafi nauyi a duniya ya tsallaka Turai a 2014, ya zaga Suwizalan da Beljiyam da Italiya, kafin Travis Gienger na jihar Minesota ya mayar da shi Amurka a 2023 da kilo 1,247.

Masu wannan sana'a suna riƙe da asalin iri kamar yadda masu kiwon dawaki ke riƙe da asalin doki. Kowace ƙwaya ana kiranta da nauyin uwarta da sunan manomin da shekarar, kuma ƙwaya ɗaya daga gwarzuwar kabewa kan tashi ɗaruruwan daloli a gwanjo.

Yadda ake nomanta

Abu na farko iri ne. Kabewar kasuwa ko an cika ta da taki ba za ta wuce iyakar jinsinta ba. Na biyu fili: gindi ɗaya kan cinye murabba'in mita arba'in ko fiye, a inda rana ke samu sosai, ƙasar kuma mai laushi ce da ba ta riƙe ruwa. Tun kaka ake zuba ruɓaɓɓen taki a juya, domin ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa.

A ƙasashen sanyi ana fara shuka cikin ɗaki a ƙarshen Afrilu. Ɓawon ƙwayar yana da kauri, don haka ana ɗan goge gefensa da takarda mai kaushi, ban da tsinin da saiwa ke fitowa, a jiƙa na 'yan awoyi, a binne cikin tukunya a wuri mai ɗumi. Cikin mako guda ta tsiro. Idan ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ke bin ganyen tsiro biyu, sai a dasa a fili. Manoma sun lura cewa yaɗo kan miƙe ta ɓangaren da ke kishiyantar wannan ganye, shi ya sa suke juya dashen ya fuskanci inda suke so ya bi.

Yayin da yaɗo ke tafiya ana rufe gaɓoɓinsa da ƙasa. Kowace gaɓa sai ta kafa sabuwar saiwa, shukar ta riƙa sha ta baki da yawa, iska kuma ta kasa birkice ta. Ana barin rassan da ke fita daga babban yaɗo, a tsinke waɗanda ke fita daga jikinsu.

A ƙarshen Yuni ko farkon Yuli furanni ke buɗewa. Akwai namiji akwai mace a gindi ɗaya, kuma gane su ba wuya: macen na da ɗan dunƙule kamar lemon tsami a ƙasanta. Furen safiya ɗaya tak yake yi. Manomi kan yi sammako ya tsinko namiji, ya fige ganyen furen, ya shafa garinsa a tsakiyar macen, sannan ya ɗaure bakinta don kada ƙudan zuma ya kawo garin wata kabewa ya gurɓata asali. Tsananin zafi kan sa ɗan ya zube, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa shukar ta fi yin kyau a inda dare ke da sanyi.

Sai mataki mafi zafi a rai. Idan 'ya'ya biyu ko uku sun kama, ana jira su kai girman ƙwallon ƙafa, a zaɓi wanda ya fi saurin girma a kan babban yaɗo, mita uku zuwa huɗu daga gindi, a yanke sauran duka. Dukan abincin da ganyaye ke haɗawa sai ya koma ciki ɗaya. Ana shimfiɗa yashi ko katako a ƙarƙashinta, a lulluɓe ta da farin zane don kada rana ta taurara fatar da wuri. Ruwa kuwa a kai a kai ake ba ta, a gindi. Idan ta sha ƙishirwa sannan aka malale ta, sai ta tsage, kuma tsagar da ta kai cikin ciki tana fitar da kabewa daga gasa.

A lokacin da girma ya kankama, manyan kan ƙara kilo ashirin a yini. Bincike ya nuna cewa hanyoyin da ke kai sukari daga ganye zuwa ɗa sun fi yawa a wannan iri. Nauyinta kan danne ta, shi ya sa take baje kamar buhun da aka yar maimakon ta yi zagaye.

Rabon yaro a aikin

Mai farawa a gida ba ya hangen tan guda. Kilo ɗari ma abin kallo ne a unguwa. Ayyukan da suka dace da yaro su ne jiƙa iri, barbarar fure da sassafe, duba bayan ganye don neman ƙwayayen ƙwari, da kuma awo. Tun da ba a ɗaga ta, da igiyar awo ake kimanta nauyi: a auna kewayenta, a auna daga ƙasa zuwa ƙasa ta samanta a tsaye da kuma a gicciye, a haɗa jimla, a duba jadawalin da manoma suka tanada. Yaron da ke rubuta wannan a littafi kowane mako lissafi yake koya bai sani ba. Ranar yanke sauran 'ya'ya kuwa gara a yi masa bayani tun da wuri, domin sau da yawa wadda ya fi so ce ke tafiya.

Maganin ƙwari da takin zamani aikin manya ne. Ganye da yaɗo suna da ƙaiƙayi, don haka safar hannu na da amfani. Manyan abokan gabar shukar su ne tsutsar da ke huda yaɗo, wadda ta addabi gabashin Amurka, da farar fumfuna mai rufe ganye a ƙarshen lokaci.

Gasa da abin da ke biyo baya

Ana awo a Satumba da Oktoba, galibi bisa dokokin ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth, kuma wasu wuraren suna da rukunin yara. Fitattun wurare sun haɗa da Haf Mun Be a Kalifoniya da Ludwigsbag a Jamus. Ƙaramar kabewa mutane kan ɗauke ta a kan tamfol, babba sai da injin ɗaga kaya.

Ana iya cin namanta, amma ruwa ya yi mata yawa, ga ta lami, mai girki ba za ta yaba ba. Yawanci a sassaƙa ta don ado, ko a ba dabbobi, ko a mayar taki. A garin su Dill, a 1999 aka fara tseren da mutane ke ƙwaƙule cikin kabewa su shiga su tuƙa ta a tafki kamar kwalekwale. Ƙwayayen kuwa ana wanke su, a shanya a inuwa na 'yan makonni, a rubuta nauyi da suna da shekara a jikin ambulan, a ajiye a wuri mai sanyi har Afrilu.