Tarin da ya ƙi ji bayan an gama maganin tibi

Akwai masu zuwa asibiti da ƙorafi iri ɗaya: sun sha maganin tarin fuka (tibi) wata 6 cur, an sallame su, amma tari bai tafi ba, ga rama, wani lokaci har da jini a kaki. A yi gwajin kaki na GeneXpert, a ce babu tibi. Daga nan sai a shiga zargin sammu, ko a koma kemis. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne funfuna ta kama huhu.

Tibi kan bar ramuka a cikin huhu. Funfunar Aspergillus kuwa tana ko'ina, cikin ƙasa, ƙura, takin gida da hatsin da ya ji danshi a rumbu. Kullum muna shaƙarta, mai lafiya jikinsa ya kashe ta bai ma sani ba. Amma idan ta sami irin wannan rami sai ta zauna ta yi curi, ta riƙa cin huhun a hankali. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun gaba cikin funfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni: mai ƙanjamau da ya bar shan magani, mai ciwon daji (kansa), wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ciwon suga da bai kula da shi. Sai kuma 'yan'uwana mata masu shan dexamethasone don ƙiba. Wannan ƙwaya tana karya garkuwa, kumburin fuskar da take kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Duk wanda ke cikin waɗannan, ya bar wa wani sharar ɗakin tattabaru, akurkin kaji da wurin da jemagu ke kwana, ko ya yayyafa ruwa ya sa takunkumi. Mai ƙanjamau da aka ɗora kan Septrin kada ya yi wasa da shi, shi ke tare masa wata funfunar mai suna Pneumocystis.

Magani akwai, sai dai yana da nauyi, kuma na Aspergillus kan kai wata 6 ko fiye. Itraconazole na iya taɓa hanta, ya kumbura ƙafa, ya wahalar da mai ciwon zuciya. Voriconazole kan sa gani ya yi dishi-dishi ko haske ya riƙa walƙiya a ido, fata kuma ta kasa jure rana. Amphotericin B da ake sawa ta jijiya yana kawo zazzaɓi da rawar sanyi, yana kuma gajiyar da ƙoda, shi ya sa ake yawan ɗibar jini ana dubawa. Kada a ɗauka neman kuɗi ne.

Idan ana kan shan magani ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu ko ya ragu, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje sun feso har cikin baki: a koma asibiti a ranar. A tafi da duk magungunan da ake sha a leda, har na gargajiya, domin rifampicin na tibi yana rage ƙarfin itraconazole ƙwarai. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata.