Gibin Kiwon Lafiya Tsakanin Yankunan Ƙasa Ɗaya

Gibin kiwon lafiya tsakanin yankuna shi ne halin da wani ɓangare na ƙasa ke samun asibitoci, likitoci, magunguna da kuɗin lafiya fiye da wani ɓangaren, alhali gwamnati ɗaya ce ke mulkinsu. Ana auna shi da yawan gadajen asibiti da ma'aikatan lafiya gwargwadon yawan jama'a, da nisan tafiyar da majiyyaci zai yi kafin ya ga likita, da mace-macen jarirai da mata wajen haihuwa. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya kan ɓoye shi. A Indiya a shekarar 2020, jarirai 6 cikin 1,000 ne suka mutu kafin cika shekara a jihar Kerala, amma a Madhya Pradesh sun kai 43.

A 1971 likitan Birtaniya Julian Tudor Hart ya bayyana a mujallar likitanci ta Lancet cewa inda aka fi buƙatar kulawa, nan ta fi ƙaranci. Abin da ya sa gibin ke da wuyar cikewa shi ne yadda yake ciyar da kansa. Makarantun horar da likitoci suna manyan birane, wanda ya gama karatu kuma nan yake zama saboda kayan aiki da makarantar 'ya'yansa. Kasafin kuɗi na bin asibitin da ke akwai, sai yankin da ke da shi ya ƙara samu. A Italiya, majiyyata daga Kalabariya a kudu na zuwa Lombardiya a arewa don tiyata, kuma yankinsu ne ke biya, wato kuɗin yanki matalauci na komawa aljihun yanki mai arziki. Wannan shi ne mafi muni.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 ya nuna kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke can ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba.

Ƙasashe sun gwada hanyoyi daban-daban. Ingila ta fara raba kuɗin lafiya bisa buƙatar kowane yanki bayan wani rahoto na 1976. Tailan ta wajabta wa sababbin likitoci aikin gwamnati na shekara uku, akasari a karkara. Brazil ta ɗauko dubban likitocin Kyuba a 2013 ta tura su yankunan da ba likita, amma da Kyuba ta janye su a 2018, garuruwa da dama suka sake zama babu likita.